Shaidu Uku na Rijiyar Garin Gawo

Kwanan baya wasu ɗalibai suka zo gidana a Magarya, suna so in duba musu aikin da za su kai wa malamansu. Na tambayi ɗaya daga cikinsu inda ya samo wata magana da ya rubuta. Ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin littafinsa, ya ce, “Ga shi nan, Baba, mai littafin ya faɗi inda ya ɗauko.” Na ce, “Ka je can ka gani?” Ya ce ai an riga an buga, me ya rage? Ni kuwa bakina bai taɓa kai hannuna sauri ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don shi da ire-irensa da suke zaton duk wanda ya iya karatu ya iya wannan aiki.

Na fara ne a farkon shekarun saba'in, ina ɗalibi a lise, wato babbar sakandare, a Damagaram. Idan aka ba da babban hutu nakan dawo gida, in sami inuwa in zauna da littafi. A gona kuwa, kafin in kai ƙarshen kunya ɗaya ƙannena sun gama uku. Da mahaifina ya gaji, sai ya sa ni gaba har gidan Mushe Muntari, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki (Mushe muke ce wa irin waɗannan malamai), ya ce, “Mushe, ga Lawali. Ba ya noma, ba ya magana. Ko zai yi maka wani amfani?”

Mushe ya ce, “In dai yana gani, ya ishe ni. Ni magana ce ta yi mini yawa, gani ya yi kaɗan.”

Gaskiya ya faɗa. Idanunsa na iya kama manyan baƙaƙen tsakiyar shafi, amma na ƙasa, waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, sun gagare shi. Ga shi kuma duk sana'arsa a nan ƙasan take.

Bari in faɗi irin littattafan. Malaman ƙasar nan na da sun rubuta tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da Larabci, wasu da ajami. Da Nasara suka zo, sai wasunsu suka fassara su da Faransanci. Mai fassara ba ya iya yin shiru. Duk inda ya ga sunan gari ko na mutum, sai ya rataya ƙaramar lamba a kan kalmar, ya sauka ƙasan shafi ya yi bayani, kamar yadda malamanmu ke yin hashiya a gefen littafi. Sau da yawa bayanin ba bayani ba ne, aike ne: duba littafin wane, shafi kaza. Ka je can, shi ma ya aike ka wani wurin. Aikinmu shi ne mu bi aiken nan har inda ya ƙare, mu ga wanda ya fara faɗin maganar da kuma inda ya ji ta. Mushe yana kiran wannan bin sawu.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwatunan ƙarfe biyu ne cike da littattafai, an ɗora su a kan duwatsu saboda gara, an barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro a cikinsu. Akwai gilashi mai ƙara girman rubutu, wanda mariƙinsa ya karye aka ɗaure da zare. Akwai tsinkayen tsintsiya da muke sa wa a tsakanin shafuka, don Mushe ba ya yarda a lanƙwasa kunnen takarda. Sai kuma abin da muke kira fish, wato ƙananan katuna da nake yankawa daga kwalin sukari. Kowace fish magana ɗaya take ɗauka, da sunan littafin, da shafin, da shekarar bugu. Ranar da na haɗa magana biyu a fish ɗaya don in yi tattalin kwali, Mushe ya ce in je kanti in roƙo wani kwalin, kada in roƙi wahala.

Aikina na farko layi ɗaya ne. Ya nuna mini shi, ya ce, “Bi wannan.” Layin ya ce a duba wani littafi a shafi kaza. Littafin yana cikin akwati. Na buɗe shafin, na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa, babu maganar. Na koma na ce, “Mushe, mai littafin ya yi kuskure.”

Ya ce, “Ka yi saurin kama ɓarawo. Wanda ke hannunka bugu na nawa ne?”

Ban ma san ana tambayar haka ba. Ashe an sake buga littafin bayan shekaru, aka ƙara masa gabatarwa, duk shafuka suka matsa gaba. Mutumin ya faɗi daidai a kan littafin da ke gabansa, ni ne nake riƙe da wani. Na yini ina lissafin yadda shafukan suka goce kafin in iske maganar. Tun ranar, kafin in buɗe cikin littafi sai na duba goshinsa.

Daga nan ya koya mini alamomin. Akwai wadda ake rubutawa ibid., ma'anarta “can dai inda na faɗa yanzu”. Ita ce mafi haɗari, don ba ta da suna, jingine take da ta samanta. In ta samanta ma ibid. ce, sai ka yi ta hawa baya, shafi bayan shafi, har ka kai wadda ke da suna. Kuma in mai sake bugu ya cusa sabon bayani a tsakani, shi ke nan ta jingina da baƙo, ta aike ka gidan da ba shi ba. Akwai op. cit., wato “littafin nan nasa da na ambata a baya”. To in mutumin ya rubuta littafi biyu fa, wanne ke nan? Sai ka koma farkon babi ka nemo. Ba abin da ke da wuyar ganewa a ciki. Wuyar ita ce haƙurin yin sa kowane lokaci, har ranar da ka tabbata ba wanda zai duba bayanka.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ɗalibai daga Yamai masu rubuta tarihin garuruwansu, kullum cikin gaggawa suke. Akwai ƴaƴan gidajen sarauta masu son a nemo sunan kakansu a jerin sarakuna. Waɗannan kan zo da kaji, in ba a sami sunan ba su koma da fushi, kajin dai sun riga sun shiga gida. Wata Baturiya ta taɓa zuwa ta yi mako tana zama a tabarmarmu, ita kaɗai ce na ga ta yi murna da aka nuna mata kuskurenta. Akasarin aikin ba ya taɓa rayuwar kowa. In ka gano wani sarki ya riga wani hawa gado, ba wanda zai kwana da yunwa saboda haka.

Sau ɗaya ne na ga layin ƙasan shafi ya tsaya tsakanin dabba da ruwa, a shekarar babban fari.

Waɗanda suka ga shekarar ba sa bukatar a ba su labari. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Tafkuna sun ƙafe tun kafin kaka, rijiyoyi suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A bayan Waca akwai wani ƙauye, bari in kira shi Garin Gawo, mai tsohuwar rijiya mai zurfi. Ita kaɗai ta rage da ruwa a wannan yanki. A gefen garin akwai rugar Ardo Juli. Ba Fulanin wucewa ba ne, tun kakanni suna nan, suna da gonakinsu na gero da wake, shanunsu kuma a rijiyar nan suke sha. A shekarun alheri ba wanda ya taɓa tambayar mai ita. Da ruwan ya ja baya, mata suka fara yini a bakin rijiya su koma da rabin tulu na laka, sai aka fara tambaya.

Wata safiya Maigari Sule na Garin Gawo ya iso gidan Mushe, dattijo ne mai jiki da babbar murya. Tare da shi akwai ɗan ƙaninsa Habu, wanda yake gaba da ni a lise. Habu ne ya gano wani sabon littafin tarihin yankinmu da Faransanci, ya aro shi ya kawo. Ya buɗe ya fassara mana layin da kansa: “Rijiyar Garin Gawo, Bawa ne ya haƙa ta, kakan masu riƙe da garin.” A ƙasan shafi kuma an jera littattafai uku da za a duba.

Maigari ya ɗaga yatsu. “Uku, Mushe! A gaban alƙali ma biyu ake nema. Kuma duka Nasara ne, ba dangin iya ba na baba. Ina so ka rubuta mini takarda in kai gaban sarki. In rijiyar kakana ce, ni zan ce wa zai sha. Mutane tukuna. Shanu su nemi wani wuri.”

Mushe ya ce, “Ina wani wurin yake, Maigari?”

“Wannan tambayar Ardo ce. Ni matan garina nake gani.”

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Ya ga jarirai suna shan ruwa mai launin kunu. Amma kowa ya san in aka hana shanun Ardo rijiyar nan, da ramar da suka yi ba za su kai wata ba. Mushe ya ce za mu bi littattafan uku, abin da muka gani shi za mu rubuta. Maigari ya ce ai abin da yake so ke nan. Sarkin yankin ya riga ya sa ranar da zai saurare su, don haka ba mu da lokacin ɓatawa.

Na farko fassarar wani tsohon tarihin Larabci ne, tana cikin akwatinmu. Na nemo wurin. Labarin wata runduna ce da ta sauka “a wata rijiya tsakanin tuddai”. Babu Garin Gawo, babu Bawa. Sai a ƙasa mai fassarar ya rubuta: “Wataƙila rijiyar Garin Gawo ce. A kan wanda ya haƙa ta, duba maƙalar wane.” Maƙalar nan kuwa ita ce ta biyu a jerin Habu. Wato shaidan farko bai ga komai ba, cewa ya yi a tambayi na biyu. Na kuma lura da wani abu da na sha gani daga baya: kalmar “wataƙila” ba ta jure tafiya. Tana nan a tsohon littafi, a sabon ta faɗi a hanya.

Mushe bai gamsu ba. Ya ce mai fassara na iya tsallake suna, sai an ga Larabcin. Wani Malam Ila a Yekuwa yana da kofe na hannu da ya gada. Na hau amalanken masu kai kanwa, muka bi hanyar da gefenta duk ƙasusuwan dabbobi ne. Malam ya warware gafakarsa, ya bi layin da yatsa, ya karanta mini a hankali. Rijiya ce kawai. Ya ce, “Mai tarihin bai sa mata suna ba, ɗana. Nasaran ne ya raɗa mata, ko rago bai yanka ba.”

Ta biyu maƙala ce daga wata tsohuwar mujalla, ƴan shafuka da aka ɗinke da zare. Nan kam an faɗa ɓaro-ɓaro cewa Bawa ne ya haƙa rijiyar. Na sauka ƙasa in ga daga ina. Ibid. Na hau ta sama, ibid. Na juya baya, ibid. Haka na yi ta komawa da gilashi a hannu, ina sa tsinke a kowane shafi, ina duba ko an cusa wani abu a tsakani, har na iso wadda ke da suna. Rahoton rangadi ne na wani kumandan, Baturen mulki na zamanin Nasara, rahoton da ba a taɓa bugawa ba. Shi ne na uku a jerin.

Rahoton yana ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a nan Magarya. Mushe ya rubuta wa mai kula da ɗakin, aka bar ni na shiga. Takardu ne shara-shara, bugun mashin, an ɗaure su dami-dami. Kumandan ya zaga ƙauyuka a kan doki yana rubuta yawan gidaje da rijiyoyi, kowane gari layi biyu ko uku. A ƙarƙashin Garin Gawo ga abin da ke nan: maigari ba ya gari; bisa faɗin ɗansa Sule, saurayi, kakansa Bawa ne ya haƙa rijiyar. Babu lamba a kan wannan, babu aike. Sawu ya ƙare.

Da na karanta wa Mushe fish ɗin, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, “Sule ɗan maigari. Yanzu wa ke maigari?”

Na ce, “Sule.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya daina dariyar gaba ɗaya, ya ce, “Kai za ka kai masa.”

“Ni, Mushe?”

“Wanda ya ga saniya shi ke faɗin launinta. Ni ban gani ba, ji na yi daga gare ka. In na je, na zama ibid.”

Habu ya zo da yamma ya ji sakamakon. Yaro ne mai kaifin kai, nan take ya ga mafita. Ya ce, “Mushe, ku rubuta sunayen littattafan uku kawai, ku ce duka sun ambaci rijiyar. Ai ba ƙarya ba ce.”

Mushe ya ce, “Ba ƙarya ba ce, Habu. Ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya.”

Na shiga motar kasuwa zuwa Waca, daga can na taka. Kafin ka ga garin sai ka ji rijiyar. Mata sun kewaye ta, guga na sauka da nisa kafin a ji ƙararsa. Can baya, samarin Ardo sun tare shanu da sanduna, shanun sun miƙa wuya suna shaƙar ƙanshin ruwa. Ana barinsu su sha kaɗan da yamma kafin ranar sarki ta zo.

A zauren maigari akwai dattawa da dama. Na gaishe su, na zauna, na jera fish uku a kan tabarma. Na fara bayani ina kallon katunan.

Maigari ya ce, “Ɗaga murya, ɗan Mushe, ba gulma muke yi ba.”

Na ɗaga iyakar iyawata. Na taɓa ta farko na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ya ce shi bai sani ba, a tambayi wannan.” Na taɓa ta biyu. “Wannan ya ce Bawa ne, amma daga wannan ya ji.” Na taɓa ta uku. “Wannan kuma ya ce daga bakin Sule ya ji.”

“Wane Sule?”

“Kai, ranka ya daɗe.”

Maigari ya daɗe yana kallon kwalin sukarin nan. Can ya ce, “Wani ja, mai doki fari? Da tafinta mai jar dara?” Na ce takarda ba ta faɗi launin doki ba. Ya ce, “Shi ne. Baba ya ji labarin zuwansa, ya tafi gaisuwar mutuwar da ba a yi ba, ya bar ni da su. Ko sauka daga doki bai yi ba. Tafinta ya ce wa ya haƙa wannan, na ce kakana Bawa. Suka wuce.” Ya tafa hannu. “Wato maganata ce ta tafi ƙasar Nasara, ta sa wando da takalmi, ta dawo, ni kuma na miƙe tsaye ina gaishe ta!”

Dattawa suka yi dariya, amma ba duka ba. Habu, wanda ya riga ni isowa, ya ce, “Baba, sarki ba zai bi duk wannan ba. Littafi uku littafi uku ne.”

Maigari ya juyo gare ni. “In sarki ya tambaye ka fa?”

Na ce, “Zan faɗi abin da na gani.”

“Da wannan muryar? Ko ƙuda ba za ta kora ba.” Ya gyara zama. “To gaya mini. Littafin ya ce ƙarya na yi?”

“A'a, ranka ya daɗe. Bai ce ƙarya ba, bai ce gaskiya ba. Maimaitawa kawai ya yi.”

A nan ya kamata in tattara katunana in yi sallama. Amma hannun da ya saba ba ya tsayawa. Na shekara ina yi wa kowane layi tambaya ɗaya, sai ga ta ta fito daga bakina a gaban dattawa. Na ce, “Ranka ya daɗe, kai daga wa ka ji?”

Wani tsoho ya ce, “Kai, yaro!” Maigari ya ɗaga masa hannu. Ya ce Bawa ya rasu kafin a haife shi. Daga kakarsa ya ji, matar Bawa, wadda ta rene shi.

Na ce, “Me ta ce?”

Ya ɗauki ɗaya daga cikin katunan yana juya shi. Sa'an nan ya yi magana, muryarsa ta sauka har ta kusa tawa. Ya ce tsohuwar takan ba da labarin ne in tana kaɗi. Shekarar da aka haƙa rijiyar ma shekarar wahala ce, babu abin da za a ciyar da masu haƙa. Bawa ne ya shiga ramin, shi ya san inda ruwa yake. Amma ƙasar da ake fitarwa, takarkarin mutanen ruga ne yake jan ta da igiya. Nonon da masu aiki suka rayu a kai daga ruga yake zuwa kowace safiya. Ranar da aka ga ruwa, bijiminsu aka yanka.

Ya ajiye katin. Ya ce, “Tafinta bai tambaye ni wannan ba.”

Daga waje ana jin kukan shanu. Maigari ya ce in bar masa takardar da muka rubuta, wadda na zo da ita, in je in ci abinci.

Ban san abin da zai yi ba har ranar da aka taru a gaban sarki. Na zauna can baya, kusa da takalma. Ardo Juli yana gefe guda da mutanensa, siririn tsoho ne, ya jingina sandarsa a kafaɗa. Ba shi da takarda ko ɗaya. Da aka ba Maigari magana, ya miƙa tamu, magatakarda ya karanta ta duka. Sa'an nan ya ce, “Allah ya ba ka nasara, na aiko maka cewa ina da shaidu uku. An bi su gida-gida, an tarar ni kaɗai ne. To tunda ni ne shaidar, bari in ba da ita cikakkiya.” Ya faɗi abin da kakarsa ta faɗa, da ramin, da takarkarin, da nonon, bai rage komai ba.

Maigari jinin Barebari ne, tsakaninsu da Fulani kuwa akwai wasa. Ardo ya dube shi ya ce, “Babarbare ya faɗi gaskiya ba a matse shi ba. Allah ya ba ka nasara, a fitar da iri, bana za a yi ruwa.”

Maigari ya ce, “Yi shiru, bawana. Nonon da kakanka ya kawo ma rabinsa ruwa ne.”

“Ruwan wace rijiya, tunda ba a gama haƙa ta ba?”

Har sarki sai da ya rufe baki da hannun riga. Hukuncin da ya yanke bai faranta wa kowa rai sosai ba. Daga asuba zuwa azahar rijiya ta mata ce, ba saniyar da za ta matso. Daga azahar ta shanu ce. Mutanen ruga su kawo takarkari da igiya, mutanen gari su ba da masu shiga, a yashe ta a ƙara mata zurfi.

Ruwan bai ishi kowa ba duk da haka. Ƴaƴan Ardo suka kora mafi yawan garken zuwa kudu, suka tsallaka iyaka, abin da ya dawo bai kai abin da ya tafi ba. Amma shanun tatsa da ƴan maruƙa sun zauna, sun sha, sun ga damina, daga su aka sake tayar da garke. A cikin gari akwai waɗanda suka daɗe suna cewa Maigari ya sayar da gadonsa a kan kwalin sukari. Habu bai yi mini magana ba har muka gama lise.

Na ci gaba da aikin bayan rasuwar Mushe, akwatunansa ma suna ɗakina. Kafin ya rasu ya ba wani mai bincike kofen takardar da muka rubuta, da sunana a ƙasa, don ya ce ni na bi sawun. Shekaru da yawa bayan haka wani sabon littafi ya shigo hannuna. Na nemi Garin Gawo a jerin sunayen da ke ƙarshe, na buɗe shafin. An rubuta cewa Bawa ne ya haƙa rijiyar. Babu takarkari, babu nono. A ƙasan shafi an jera wuraren dubawa huɗu, na huɗun ni ne.

Ina nan Magarya, gidana ba ɓoyayye ba ne. Har yau ba wanda ya zo ya tambaye ni daga wa na ji.